Goggo Mai Aron 'Ya'yan Mutane

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na faɗa, an faɗa mini, har kunnena ya gaji da ji. Goggona ta rasu ana tsakiyar kakar wasa, ta bar ni da 'yan mata dogaye, da usur ɗinta, da gajiyar da har yau ban sauke ba. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama a gidanta na Dutse Alhaji, ita ce kuma kocin ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata a kwalejin da nake koyarwa. Ni mataimakiyarta ce, wato mai ɗaukar jaka da shan faɗa.

Maƙwabta sun san ta ne kawai da doguwar Hajiyar nan mai ɗingishi da ke fita da sassafe. Shi ya sa ranar rasuwar suka saki baki suna kallon ikon Allah: 'yan mata suna ta shigowa, kowacce sai ta sunkuyar da kai a ƙofar tsakar gida. Wata tsohuwa ta zungure ni ta ce, "Ke, waɗannan dogayen duk danginku ne?" Na ce mata eh, don ba ni da ƙarfin yin bayani. Kiristocin cikinsu sun aro ɗankwali sun yafa, suka raɓe a bango ba su san abin da ake cewa ba, sai hawaye. Kyaftin ɗinmu, matar aure ce mai goyo, ta fasa kuka da ƙarfi har tsofaffi suka tsawata mata, suka ce addu'a mamaciya take buƙata. Uwar ɗaya daga cikin yaran ta taho tun daga Abaji da doya a buhu, ta dire, ta kama hannuna ta ce da irin Hausarta, "Mama koci ya tafi? To wa zai kawo mini yarinya gida?"

Akwai kuma waɗanda suka yi magana ƙasa-ƙasa suna zaton ban ji ba. Wata 'yar uwarmu ta ce Allah dai Ya yafe mata, mace da girmanta ta ƙare rayuwa tana sa 'ya'yan mutane tsalle. Na ji, na kuma gane muryar. Na bar ta da Allah, don ranar ba ranar tanka wa kowa ba ce.

A wurin jana'iza Baffa, ƙanenta da ya rage, ya yi sanarwar da aka saba: duk wanda yake da wani haƙƙi a kanta ya zo a sauke mata. Ba wanda ya zo sai ranar addu'ar uku. Ina cikin mata aka ce Baffa na kira. Na fito ƙofar gida na tarar da wani dattijon Bafulatani a gefen tabarma, sandarsa a kan cinya. Na san shi. Mahaifin Doguwa ne, 'yar wasanmu da ta fi kowa tsawo, rugarsu tana can bayan duwatsu a hanyar Bwari.

Baffa ya ce, "Wannan bawan Allah ya ce yana da abu a hannun marigayiya. Na tambaye shi ko kuɗi ne, ya ce a kira ki."

Dattijon bai ɗago kai ba. Ya ce, "'Yata ce. Hajiya ta zo har gida ta ara, ta ce za ta mayar da ƙafarta in wasanku ya ƙare. Ban zo karɓa yau ba, lokacin bai yi ba. Amma in ya yi, Malama, a kawo mini. Kada ta kwana a kabari da kayan mutane a wuyanta."

Mazan da ke wurin suka kalli juna. Baffa ya kalle ni. Ni kuwa na san abin da yake nufi sarai, na kuma san ba shi kaɗai ba ne.

Ga yadda abin yake. Duk shekara kafin a fara kaka, Goggo ba ta sa yarinya a ƙungiya sai ta taka har gidansu. Ta sayi goro, ta sa ni in ja ta a tsohuwar motata, mu bi lungu-lungu: Durumi, Kubwa, ƙauyukan bayan Gwagwalada, har Abaji. In mun isa sai ta cire takalmi, ta tsuguna gaban uba ko kawu ko miji, ko uwa in ita ce mai gidan, ta faɗi maganarta wadda ba ta canzawa: "Na zo aro. Ba kyauta nake nema ba. Yadda na ɗauka haka zan mayar, da ƙafata, in kaka ta ƙare. In kun kira kafin nan, zan sako ta." In kaka ta ƙare kuma mu sake bin hanyar nan da yaran, tana sauke kowacce a ƙofar gidansu. Sai ta ce, "Ga amanarku. Ku duba, in akwai abin da ya karye ku faɗa ina nan." Ita da kanta take fara lissafa ɓarnar: wannan ta gurɗe a idon sawu, wannan haƙorinta ya ɓare. Wani uba a Durumi ya taɓa ce mata a cikin raha, "Hajiya, da haƙora cikakku na ba ki." Ta ce, "Na ɗauki laifin, amma ka tambaye ta wa ya ce ta sa baki inda ake sa hannu."

Ta ce mini abin ya samo asali ne tun tana sabuwar malama. Ana cikin wasa wani uba ya shigo fili ya finciki 'yarsa a gaban jama'a, yarinyar ba ta sake taɓa ƙwallo ba, ba ta ma ƙarasa karatun ba. Goggo ta ce mutumin ba mugu ba ne, ba a tambaye shi ba ne. "Karatu ya turo ta. Gudu da tsalle da kwana a wani gari ba sa cikin abin da ya yarda da shi."

Ni dai ban taɓa son wannan al'ada ba, kuma ban ɓoye mata ba. 'Yan mata baligai, 'yan kwaleji, wasu har da 'ya'yansu, a ce sai an je an roƙo su? Ga gwiwoyin Goggo da suka daɗe da lalacewa. Ƙwallon da ta buga a ƙuruciya ya cinye su, in ta tsuguna sai kin ji ƙarar su, in za ta tashi sai na miƙa mata hannu biyu na ja. Warin man zafi ya zama turarenta, ko a masallacin Idi kika ji shi kin san tana kusa. A haka za ta durƙusa wa yaron da ta girme wa uwarsa, don kawai shi ne mijin 'yar wasa.

Babban faɗanmu a kan mahaifin Doguwa muka yi shi, shekarar da aka fara aro ta. Goggo ta tsinto yarinyar ne a bayan ɗakin kwanan ɗalibai, tana tsinko mangwaro da hannu yayin da sauran ke jifa. Ta bi ta, ta lallashe ta, sannan muka ɗauki hanyar ruga. Motar ba ta kai ba, da ƙafa muka ƙarasa. Goggo ta tsuguna ta yi maganarta. Mutumin nan bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya tashi abinsa ya tafi wurin wata saniya da ta tsinke, ya kamo ta, ya ɗaure, ya tsaya yana duba kofatonta, ya bar tsohuwa a tsugune cikin rana. Na ce mata ta tashi mu tafi. Ta yi mini kallon nan nata, na ja bakina. Sai da ya ga dama ya dawo, ya ce ya bayar, da sharaɗin duk ranar da ya kira a sako ta.

A hanyar dawowa na zazzage mata abin da ke cikina. Na ce, "Haba Goggo! Wannan ai wulaƙanci ne. Ke da kika koyar da malaman malamai?"

Tana shafa gwiwa ta ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in kin tashi da tsawonki za ki tashi."

Na ce, "Ai matsalar ke nan, ke ba kya iya tashin sai an ja ki."

Ta yi dariya har da tari, ta ce, "To don me kike zaton na riƙe ki?"

A fili kuwa ba ta da wannan laushin. Tana zaune a kan kifaffen bokitin fenti a gefen layi, don kujera ta yi mata ƙasa, usur a wuya, tana ganin komai. In yarinya ta yi gaggawar jefa ƙwallo sai ki ji, "Kwandon guduwa zai yi? Yana nan tun kafin a haife ki!" In wata ta riƙe ƙwallo ta ƙi miƙawa, ta ce, "Gadon ubanki ne?" Ba ta yarda a yi wa mai dogon wando da hijabi dariya ba, ba ta kuma yarda a yi wa mai gajeren wando wa'azi ba. Ta ce wa'azi yana da wurinsa, nan wurin gumi ne. Da an kira la'asar sai usur ya koma cikin riga, masu salla su tafi, marasa salla su zauna su jira, ba mai taɓa ƙwallo.

Lokacin da kyaftin ta haihu kowa ya ɗauka ta gama ke nan. Mijin ya ce ba mai riƙe jariri. Goggo ta je ta tsuguna, ta ce a ba ta aron biyu, uwa da ɗa. Haka ta riƙa zuwa atisaye goye da yaron, tana busa usur a saman kansa, shi kuwa yana sharar barci. Har yau yaron nan in ya ji usur sai ya fara lumshe ido. Ranar rasuwar yana ta miƙa hannu wajen ɗakinta, wannan ne ya sa uwar ta kasa riƙe kukan.

Kakar bana ba ta yi mana daɗi ba tun daga farko. Ƙwallayenmu sun sha faci, ragar kwando ɗaya ta yage muka ɗaure da igiya, bas ɗin kwaleji kuma in ya kai mu ba lallai ya dawo da mu ba. Ya taɓa mace mana a hanyar Lokoja, 'yan mata suka tura shi sanye da jesi, muka isa fili ƙafafu sun riga sun mutu, aka lallasa mu. Hukumar kwaleji ba ta hana mu ba, ba ta kuma damu ba. Duk wanda na je wurinsa sai ya ce oga ba ya nan. Duk da haka mun ɗan ci wasu, saboda Doguwa ta fara gane hannunta. In ta tsaya ƙarƙashin kwando ta ɗaga hannu, abokan karawa sai su nemi wata hanya.

Sai ga wasan da in muka ci za mu haye zagaye na gaba. Muna shirin shiga mota aka kira daga ruga: uwar Doguwa ba ta da lafiya, uban ya ce ta zo. Na tambaya, aka ce zazzaɓi ne, ba wani abin tashin hankali ba. Na ce da Goggo a bari a buga wasan, ni da kaina zan kai ta da yamma. Doguwa ma ta tsaya da jakarta tana kallon ƙasa, ba ta son tafiya. Goggo ta ce, "Na ce in ya kira zan sako ta. Ban ce in ya kira kuma na ga dama ba." Ta tsayar da mai acaɓa ta ɗora yarinyar. Muka je aka cinye mu. A hanyar dawowa na ce mata dama an ce kayan aro ba ya rufe katara. Ta jingina kai da tagar mota, na ga fuskarta ta faɗa, na ga tsufan da na daɗe ina ƙin gani. Har yanzu ina ganin da an bar yarinyar da ba abin da zai faru. Ita kuma na san da za a sake, haka za ta sake yi.

Doguwa ta dawo mana da uwar ta samu sauƙi, amma Goggo ba ta daɗe ba bayan wannan. Hawan jini ne, ta faɗi a tsakar gida tana alwala, washegari da hantsi ta cika a asibiti. Ba ta bar wasiyya ba, ba ta samu bakin yi ba.

Sauran wasannin na ja su ne kawai don a ce an gama. Na rataya usur ɗinta amma na kasa busawa, da baki nake tsawa. Bokitin yana nan a gefen layi, ba wadda ta zauna a kai, ba kuma wadda ta ɗauke. Muka ci ɗaya, aka cinye mu a sauran. A zuciyata na riga na yanke: in mayar da 'ya'yan mutane, in sauke wa Goggo nauyi, shi ke nan. Ba zan sake aro ba. Wanda yake da gwiwar tsuguno ya zo ya karɓi ƙungiyar, in babu kuma a rufe. Wallahi na gaji. Na gaji da faci, da tura mota, da jiran oga, da ganin yara suna gumi ba mai kallo.

Haka na ɗauki hanyar ni kaɗai, da yaran a bayan mota. A kowace ƙofa na faɗi maganarta: ga amanarku, ku duba. Na ƙara da tawa: wadda ta ara ta riga mu gidan gaskiya, ku yafe mata. A Durumi uban nan mai zancen haƙori ya cire hula ya rufe fuska da ita. A Abaji uwar ta rungume 'yarta ta ce, "Mama koci bai yi ƙarya ba." Wasu kuma sun karɓa da sauri, har da ajiyar zuciya, na gane ƙofar ta rufu ke nan. Mijin kyaftin ya ce, "To Malama, an gama ko?" Na ce an gama. Ba wanda na tsuguna wa. A tsaye na yi komai, ina riƙe da makullin mota.

Ruga na bari ƙarshe. Ruwan farko ya sauka, hanyar ta yi caɓi, muka ajiye mota muka taka ni da Doguwa. Muna cikin tafiya muka hango bukkoki. Ta ce, "Malama, baɗi fa?" Na ce, "Allah Ya kai mu." Ta gane.

Uban yana zaune gindin bishiya yana tufka igiya. Muka gaisa. Na ce, "Baba, ga amanarka. Ka duba. Yatsanta ya taɓa gocewa, ya koma." Ya dubi 'yarsa daga sama har ƙasa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Na karɓa. Na sauke wa Hajiya, duniya da lahira. Ranar da na kira ta sako, ba ta tambaye ni dalili ba. Allah Ya sa ta huta." Na ce amin. Wani abu ya sauka daga ƙirjina, har na ji ina son in zauna a ƙasa in yi barci.

Na yi masa sallama na juya. Sai na ji ya ce, "Malama, kin manta wani abu?"

Na duba hannuna, jaka tana nan, makulli yana nan. Na ce a'a.

Ya ce, "To. Ita Hajiya ba ta juya baya sai ta ce zan dawo aro. Na ɗauka ke ma da bakinki kika zo." Ya ci gaba da tufkarsa.

Doguwa tana tsaye a ƙofar bukkar uwarta. Ba ta shiga ba, jakar tana rataye a kafaɗarta, ba ta kalle ni ba kuma. Na san in na taka daga wurin nan, yarinyar da na ga hannunta ya fara buɗewa ta gama da ƙwallo har abada, don mutumin nan ba zai bai wa takardar kwaleji 'yarsa ba, sai mutum. Na tsaya ina jin haushin Goggo, haushi na gaske, kamar tana raye. Ta tafi ta huta, ta bar ni da wannan.

Na cire takalmi. Na tsuguna a cikin caɓin nan na ce, "Baba, na zo aro. Ba kyauta nake nema ba." Na ƙarasa sauran maganar yadda Goggo take faɗa.

Ya ajiye igiya, ya tashi ya nufi garke. Ina kallonsa ya kwance maraƙi, ya canza masa turke, ya tsaya yana cire wa wata saniya kaska ɗaya bayan ɗaya. Cinyoyina suka fara rawa, gwiwoyina suka ɗauki wuta, ƙudaje suna bin fuskata. Zuciyata tana ce mini tashi, wa ya aike ki? Ban tashi ba. Ban san ko haƙuri ne ko taurin kai ba, a gidanmu dai duka biyun a tukunya ɗaya ake dafa su.

Da ya dawo ya zauna ya ce, "Kin ji haushi ranar da na bar Hajiya a rana, na gani a fuskarki. Ni ban san ƙwallonku ba. Abin da na sani, wanda ba zai iya jira in gama da saniya ba, ba zai iya haƙuri da 'yata ba ranar da ta ɓata masa rai." Ya dubi Doguwa, ya dube ni. "Na bayar. Amma ke za ki mayar, da ƙafarki."

Na ce na ji. Na yunƙura in tashi, ƙafafun suka ƙi. Na sake yunƙurawa, na koma. Sai ga Doguwa a gabana ta miƙo hannu biyu, daidai yadda ta sha ganin ina yi wa Goggo, ta ja ni sama. A nan ne kukan da ban yi ba ranar rasuwa ya zo, a gaban Bafulatani da shanunsa.

Goggo, wuyanki ya fita, ba wanda yake bin ki ko da yatsa. Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya ba ki gwiwoyin da ba sa ciwo, Ya yafe miki abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Sauran ƙofofin suna jirana, har da waɗanda na san ba za a buɗe ba. Na sayi goro. Ragowar man zafinki ma na ɗauko daga kan taga, na fara shafawa.